Neman shawara kan shekarar intanshif ta niyurosaikolojin yara a Amurka

'Yar Fagge ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanyar, ko da mutum ɗaya ne. Ina shekara ta huɗu a karatun PhD na saikolojin asibiti a nan Amurka, kuma in Allah ya kai mu wannan kakar zan cike takardun neman intanshif, shekarar nan guda da ake tura mutum asibiti ya yi aiki cikakke ƙarƙashin manya kafin a miƙa masa digirin. Ɓangaren da nake so shi ne niyurosaikolojin yara, wato masu auna yadda ciwo ko rauni a ƙwaƙwalwa ya taɓa tunanin yaro da riƙe abu da natsuwa da magana da karatu.

Bari in faɗi dalilina don ku gane inda na dosa. Ƙanina sikila ne. Yana aji huɗu a firamare ya canja mana gaba ɗaya, yaron da yake hadda cikin sauƙi ya koma sai a biya masa aya sau goma bai riƙe ba, kafin ya gama kwafar layi biyu daga allo an goge. Ya sha bulala a boko ya sha a islamiyya, a gida ma muna ce masa malalaci, wallahi har ni da bakina. Bai taɓa shanyewar hannu ko ƙafa ba balle a yi zargin wani abu. Sai da ya girma aka yi masa MRI saboda ciwon kai aka ga tsofaffin tabo a ƙwaƙwalwarsa. Tun ranar ban ƙara sha'awar wani fanni ba.

To matsalata yanzu, firaktikum ɗina na niyuro, wato aikin koyo a asibiti da ake yi lokacin karatu, guda biyu ne kawai, ɗaya a asibitin yara ɗaya a asibitin manya masu ciwon mantuwa, rahotannin yara da na rubuta ba su da yawa, mafi yawansu kuma ADHD ne, wato matsalar rashin natsuwa da yawan motsi, da matsalar karatu, ban taɓa ganin yaro mai ciwon kansa ko wanda za a yi wa tiyatar farfaɗiya ba. Ina tsoron kar in nemi manyan wurare su watsar da ni. Sannan da bizar ɗalibai ta F-1 nake, kowa na ba ni labari daban kan CPT, wato izinin yin aikin horo lokacin da mutum yake karatu. Kuma abin da ya fi damuna, niyyata in koma gida bayan na gama, shin wannan horon zai yi min amfani a Kano kuwa, ko dai ina koyon sana'ar da babu kasuwarta ne a wajenmu? Na gode, Allah ya saka.

Maman Sadik ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ƙaninki lafiya, labarinsa ya taɓa ni sosai don irinsa nake gani kusan kowane mako. Ni na gama intanshif na gama fosdok, wato horon bayan digiri, yanzu aiki nake a wani asibitin yara, to bari in faɗa miki abin da na sani.

Ki fara gane cewa intanshif ba shi ne yake mayar da ke ƙwararriya ba. Tun taron masana fannin da aka yi a Houston a 1997 tsarin da aka tsaya a kai shi ne karatun digiri, intanshif, sannan shekara biyu cur na fosdok a niyurosaikoloji, bayan nan ki ci jarrabawar EPPP ki samu lasisin jiharki, in kina so ki nemi shaidar ƙwarewa ta ABPP wadda har tana da reshen yara daban. An sake zama a Minnesota a 2022 don sabunta ƙa'idojin amma maganar fosdok na shekara biyu tana nan. Na kawo wannan ne don hankalinki ya kwanta, babu wanda yake tsammanin ki zo intanshif kin riga kin ga komai, ai da kin gani da ba ki zo ba. Abin da suke nema shi ne mai tushe mai kyau wadda za ta koyu.

Maganar nema kuwa, komai ta APPIC yake bi, ƙungiyar da take haɗa masu neman intanshif da wuraren horo. Fom ɗaya ne, AAPI, ki cike awanninki na jinya da na gwaji, yawan cikakkun rahotannin da kika rubuta, gajerun rubuce-rubuce kan kanki da bincikenki, wasiƙun malamai, sai shugaban horo na sashenku ya sa hannu cewa kin isa. Yawancin wurare farkon Nuwamba suke rufewa, zuwa tsakiyar Disamba kin san waɗanda suka kira ki, intabiyu a Disamba da Janairu, tun bayan korona da yawansu ta bidiyo suke yi wanda ya rage wa ɗalibai kuɗin jirgi ba kaɗan ba. Farkon Fabrairu ki jera wuraren yadda kike son su, su ma su jera ku, kwamfuta ta haɗa, kafin watan ya ƙare sakamako ya fito. Wanda bai samu ba akwai zagaye na biyu a Maris. Kuma ki sani inda aka haɗa ki nan za ki je, alƙawari ne, saboda haka kar ki kuskura ki saka wurin da kin san ba za ki iya zama ba.

Ga kuskuren da nake gani kullum, mutum ya ce wuri kaza ya fi ƙarfina bari in sa shi ƙasa in ɗora wanda nake ganin zai ɗauke ni a sama. Kar ki yi haka. Yadda lissafin yake, sa babban wuri a farko ba ya rage miki damar samun na biyu ko na uku ko kaɗan, in na farkon bai ɗauke ki ba kawai gangarawa ake yi. Ki jera da zuciyarki.

Kan ƙarancin rahotanni, gaskiya masu tantancewa suna duba lamba, ba zan ɓoye miki ba, amma sun fi tsayawa kan samfurin rahoton da kika turo, wanda aka goge sunan yaro da duk abin da zai nuna shi. Ni yanzu ina cikin masu karantawa. Rahoton da ya jero maki shafi takwas sannan ya rufe da shawarwarin da za a iya liƙa wa kowane yaro, ajiye shi nake. Wanda kuma ya nuna min cewa marubuciyar ta lura an haifi yaron bakwaini, ta tambayi barcinsa, ta ga makinsa na saurin aiki ya faɗi alhali fahimtarsa lafiya lau, ta haɗa wannan da abin da malamar aji ta ce, to wannan ko ADHD ne zalla zan kira ta. Ki zauna da sufabaizanki, masu duba aikinki, ku zaɓi guda ɗaya ku gyara shi sosai. Kuma labarin ƙaninki ki sa shi a rubutunki, ba don a tausaya miki ba, don shi ne ya nuna kin san tambayar da kike son amsawa.

Wurare kuwa ki buɗe kundin APPIC ki tace da kanki don abubuwa suna canjawa duk shekara, amma sunayen da za ki yi ta ji su ne Kennedy Krieger a Baltimore, asibitin yara na Philadelphia, Children's National a Washinton, Texas Children's a Houston, Nationwide a Columbus, St. Jude a Memphis. Ki haɗa da matsakaitan wurare, kamar goma sha biyar gaba ɗaya ya isa. Shawarata ki nemi inda aƙalla rabin lokacinki zai tafi a niyuro, shi ne ma'aunin da ake kira babban fanni, kuma shi masu fosdok suka fi ganewa.

Bazazzagi ya amsa:

Salam. Ni yanzu haka ina cikin intanshif ɗin, wata na bakwai, to nawa da zafinsa. Anti Maman Sadik ta faɗi kusan komai amma akwai inda zan ɗan saɓa mata, da girmamawa Anti. Maganar rabin lokaci gaskiya ce a takarda, amma ni inda nake bai kai rabi ba sai da na haɗa da zaɓin da na yi a zango na biyu, kuma alhamdulillahi na samu kiran intabiyun fosdok. Sauran lokacin ina yin jinya ne da zagayen gadaje, ana kira na wajen yaron da ya ƙi shan magani ko uwar da aka gaya wa sakamako ta kasa tsayuwa. Da farko haushi nake ji ina ganin ɓata min lokaci ake, yanzu kuwa na gane wannan shekarar ce ta ƙarshe da wani zai zauna ya koya min yadda ake magana da iyaye, a fosdok gwaji ne safe da yamma. Ke da za ki koma gida inda wataƙila ke kaɗai ce a asibitin gaba ɗaya, ina ganin kina buƙatar wannan faɗin.

Bari in ba ki hoton rana ɗaya. Ƙarfe takwas na gama karanta fayil tun daren jiya, mu zauna da iyaye kamar awa ɗaya muna ɗaukar tarihi tun daga goyon ciki, sannan in shiga da yaro awa uku zuwa biyar da hutu a tsakani. Gwajin da ake yi ya danganta da shekaru, in ɗan shekara 6 zuwa 16 ne WISC-V, ƙanana WPPSI-IV, jarirai Bayley, sai a ƙara NEPSY-II ko D-KEFS da gwajin riƙe kalmomi gwargwadon tambayar da likita ya turo, iyaye da malamai su cike BRIEF da Vineland. Da yamma lissafin maki, gobe in kai wa sufabaiza ta yi ta tambayata me ya sa, me ya sa, har sai na daina faɗin abin da ban tabbatar ba. Rubutun rahoto shi ne yake cin mutum, ki koyi sauri tun yanzu, wallahi in kika bari uku suka taru a kanki barci ya ƙare.

Abin da ya fi tsaya min a rai yaran da aka gasa wa ƙwaƙwalwa da na'urar kashe kansa ne bayan cire ƙari irin medulobilastoma. Kansar ta tafi kowa na murna, bayan shekara biyu uku sai a ga yaron yana ja baya a aji, alhali ba mantawa ya yi da abin da ya sani ba, sabon koyo ne ya yi masa nauyi kuma komai nasa ya koma a hankali, sa'anninsa suna wuce shi. Aikinmu mu nuna wannan da hujja mu rubuta wa makaranta, don a nan doka ta ba yaro haƙƙin tsari na musamman, IEP ko abin da suke kira 504, a ƙara masa lokaci a jarrabawa a rage masa kwafe. Masu farfaɗiya kuma kafin tiyata ana son a san wane ɓari ne yake riƙe da magana da ajiyar tunani don kar a yanke abin da ba zai dawo ba, za ki zauna a taro da likitocin tiyata a tambaye ki ra'ayinki, ranar farko sai da muryata ta yi rawa.

Yanzu biza, ki saurara da kyau don nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Asibitocin tsofaffin sojoji na VA da sauran wuraren gwamnatin tarayya sai ɗan ƙasa, ki cire su, da ma yawanci ba na yara ba ne. Intanshif da CPT ake yi. Amma ƙa'idar ita ce in kika cika wata 12 kina CPT na cikakken lokaci, kin rasa OPT na wannan digirin, wato izinin aiki na bayan gama karatu, kuma OPT ɗin nan da shi yawancinmu muke fara fosdok. Intanshif kuma shekara guda ne cif. Kin ga inda matsalar take. Ki je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku tun yanzu, ba bayan sakamako ba, ku lissafa kwanakin tare, ki tambayi ko firaktikum ɗinki na baya an rubuta shi a matsayin cikakken lokaci ne ko rabi, kuma duk abin da suka ce ki nemi su rubuto miki a imel. Wasu wuraren suna yarda a daidaita ranar farawa da ta gamawa, wasu ba sa yi. Kuma OPT na shekara ɗaya ba zai rufe fosdok na shekara biyu ba sai in lambar fannin digirinku tana cikin jerin STEM, wato fannonin kimiyya da fasaha, ko asibitin zai nema miki wata bizar, wannan ma ki tambaya. Kar ki dogara da maganata ko ta wani a nan, dokokin shige da fice suna motsi.

Wani abu da ba a gaya min ba, kina fara intanshif a Yuli ko Agusta, kafin Disamba kin fara neman fosdok, wajen Fabrairu a yi haɗin APPCN, irin na APPIC amma na fosdok. Ma'ana wasiƙar da za ta yi miki aiki daga sufabaizan zangon farko za ta fito. In an ba ki zaɓi ki roƙi a fara miki da niyuro. Alawus kuma ba yawa, ki duba kuɗin haya na garin kafin ki sa shi a sama.

Likitan Yara Kano ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni ban san komai kan APPIC ba, likitan yara ne ni a nan gida, tambayarki ta ƙarshe ce ta sa na tsaya. Kin ce ko babu kasuwa. 'Yata, marasa lafiyan suna nan sun yi mana yawa, masu aikin ne babu.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila a duniya, ana ƙiyasta kusan 150,000 a shekara. Abin da ya samu ƙaninki shi muke kira shanyewar ɓoye, jini ya yanke wa wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa ba tare da hannu ko baki ya karkace ba, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu SS suna samunta kafin su gama sakandare. A kan babbar shanyewar an ci gaba. Tun binciken STOP na 1998 aka san cewa in aka auna gudun jini a jijiyoyin kai da na'urar TCD aka ga gudun ya yi yawa har ya kai 200 a ma'auninta, ƙarin jini a kai a kai yana kare yaron. Mu nan ƙarin jini duk wata ba abu ne mai yiwuwa ga yawancin iyaye ba, shi ya sa aikin da aka yi a Kano, binciken SPRING da likitocinmu suka yi da Farfesa Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt, wanda ya fito a 2022, yake da muhimmanci, ya nuna ƙwayar maganin haidiroksiyuriya ko da ƙaramin awo ne tana rage haɗarin ga irin waɗannan yaran. To amma yaron da tabon ya riga ya same shi fa? Uwa za ta ce min likita ya daina gane karatu, in duba in ga yana tafiya yana magana, in ce Allah ya sawwaƙe, ba ni da wanda zan tura wa. Haka waɗanda suka tashi daga zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, a Yuganda an bi irin waɗannan yaran aka samu kusan ɗaya cikin huɗu da raunin fahimta bayan shekara biyu. Ga sanƙarau, ga shawarar jarirai, ga waɗanda suka sha wuya wajen haihuwa, ga yaran Zamfara da gubar dalma ta taɓa a 2010.

Gargaɗina ɗaya ne. Kar ki ɗauko akwatin gwajinki na Amurka ki zo ki auna yaron Kurna ko Gezawa da ma'aunin yaran can ki ce ƙwaƙwalwarsa ta gaza. Yaron da bai taɓa zama da baƙo a ɗaki ana danna masa agogo ba, wanda aka tarbiyyantar kan kar ya yi gaggawar amsa wa babba, dole makinsa ya faɗi ko lafiyarsa ƙalau. Kuma fassara tambayoyin zuwa Hausa kawai ba ta wadatar ba, sai an auna ɗaruruwan yaranmu masu lafiya an san mene ne daidai a wajenmu. Masu aikin Yuganda sun yi amfani da gwajin KABC ne suna kwatanta marasa lafiyan da yaran unguwarsu. Saboda haka in kina zaɓar wurin horo ki nemi inda za ki koyi wannan ɓangaren, da inda suke da asibitin sikila na gaske. Kuma ki sani nan babu dokar da za ta tilasta wa makaranta ta bi rahotonki, da ƙafarki za ki je ki zauna da hedimasta da malamin islamiyya.

'Yar Fagge ta amsa:

Wallahi na rasa bakin godiya. Anti na gode, yau ɗin nan na tura wa sufabaizata saƙo kan maganar samfurin rahoto, akwai wata yarinya bakwaini da na gani bara ina ganin nata zan ɗauka. Yaya Bazazzagi ka tsorata ni amma gara yanzu, na duba takardata ta I-20, wadda jami'a take bayarwa kan bizar ɗalibi, na ga firaktikum ɗin bazarar da ta wuce an rubuta shi cikakken lokaci wata uku, ban taɓa sanin yana shiga lissafi ba, na nemi ganin 'yan ofishin ɗaliban ƙasashen waje ranar Litinin. Baba Likita maganarka ta sa ni kuka, musamman ta malamin islamiyya, don wanda ya fi dukan ƙanina mutumin kirki ne, bai sani ba ne kawai kamar yadda mu ma ba mu sani ba.

Tambaya ɗaya ta rage Anti, a intabiyu in faɗa musu niyyata ta komawa gida ko in yi shiru? Wata ta ce min za su ga kamar asarar horo za su yi a kaina.

Maman Sadik ta amsa:

Ki faɗa. Intanshif shekara ɗaya ne, da ma yawancin waɗanda suka horar watsewa suke yi zuwa wasu jihohin, ba wanda yake ɗaukarki don ki zauna har abada. Amma kar ki tsaya a "ina son in taimaki al'ummata", kowa haka yake cewa. Ki faɗa musu abin da Likita ya faɗa miki, sikila, rashin ma'aunin gida, aikin da aka riga aka fara a Kano, sannan ki juya ki tambaye su: yara masu sikila nawa ɗan intanshif yake gani a zango, ana shiga asibitin jini tare da likitoci ko sai an turo, wa yake kula da gwajin yaran da Turanci ba shi ne harshen gidansu ba, kuma da tafinta na asibiti ake aiki ko 'yan uwa ake sawa. Garuruwa irin Columbus da Minneapolis suna da Somaliyawa da yawa, Memphis da Atlanta da Philadelphia kuma suna da manyan cibiyoyin sikila, ki sa wannan a lissafinki. In an ba ki dama ki keɓe da 'yan intanshif na yanzu ba tare da malamai ba, ki tambaye su sau nawa aka soke musu zaman sufabishan a watan da ya wuce, da ƙarfe nawa suke barin asibiti.

Wata ukun nan na CPT kuma ki tafi da duk tsofaffin I-20 ɗinki ranar Litinin, ba na ƙarshen kaɗai ba. In kin gyara rahoton ki goge komai na yarinyar har ranar haihuwa da sunan makaranta da garinsu, ki tabbatar sufabaizarki ta amince a fitar da shi, sannan ki turo min ta akwatin sirri in duba miki kafin Oktoba.